Fashin baƙi: littafin Kwaɗo mai mota, in za a mai da shi na ƙananan yara a Maraɗi mi za a yanke mi za a bari

Akwai wani tsohon littafin Turawan Ingila mai suna The Wind in the Willows, waɗanda suka yi lakwal a nan wataƙila sun gamu da shi da sunanshi na Faransanci, Le Vent dans les saules. Kenneth Grahame ne ya rubuta shi, ya fito a Landan a 1908, babi 12 ne kuma kalmominshi sun haura 50,000. Labarin dabbobi huɗu ne da ke zaune bakin wani kogi kusa da wani daji mai ban tsoro. Akwai wani ɗan ƙaramin dabba mai zama ƙarƙashin ƙasa wanda babu irinshi a ƙasarmu, mai kunya, bai san duniya ba. Akwai ɓeran ruwa mai kwalekwale. Akwai wani dattijo mai ƙaton rami a tsakiyar daji wanda ba ya son hayaniya. Sai Kwaɗo, ɗan gata, uba ya mutu ya bar mishi gida da dukiya, shi kuma mota ta shiga ranshi har ta kai shi kaso.

Tambayar ita ce, in wani malami ko wata madam ta jardan ta ce za ta ɗauko wanga littafi ta mai da shi na yaro ɗan shekara 4 zuwa 7, da Hausa, a nan garin, ta ina za ta fara. Kuma tambaya ce da ta dace da lokacin, tunda a 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, amma ka shiga kasuwa ka nemi littafin hoto na Hausa da za ka karanta ma ɗiyarka da dare ka gani ko za ka samu cikin sauƙi. Aron labari daga waje kuwa ba baƙon abu ba ne wurinmu, Abubakar Imam ya yi shi a Magana Jari Ce tun wajen 1937, ya kwaso labarai daga Larabawa da Turawa ya sa musu riga da hula har mutane da yawa ba su san aro ne ba.

Abu na farko da mai wanga aiki ya kamata ya gane shi ne littafin nan a gaskiya littafi biyu ne aka tufka wuri guda. Ɗaya na Kwaɗo ne, gudu da faɗuwa da sata da tserewa. Ɗayan kuma na bakin kogi ne, shiru-shiru, abota da baƙunta da kewar gida. Kuma akwai dalili. Grahame ma'aikacin babban bankin Ingila ne, yana da ɗa guda ɗaya, Alastair, wanda aka haifa a 1900, da dare yake mishi labarin Kwaɗo, sannan a 1907 da suka rabu na ɗan lokaci ya ci gaba da aika mishi labarin cikin wasiƙu. Wato ɓangaren Kwaɗo a bakin shimfiɗar yaro aka haife shi. Sauran babukan masu sanyi daga baya uban ya ƙara su da zai haɗa littafi.

Saboda haka kusan duk wanda ya zo taƙaita littafin sai ya bi Kwaɗo. A. A. Milne, wani marubucin Ingila, da ya mai da shi wasan kwaikwayo a 1929 Kwaɗo ya bi, har sunan wasan ma na gidan Kwaɗo ne. Kamfanin Disney a 1949 su ma haka, kuma su har wanke shi suka yi, suka nuna sharri aka yi mishi a maganar satar mota, alhali a littafi ya ɗauki motar mutane da hannunshi. Ba na ganin laifinsu sosai don Kwaɗo na da daɗin kallo. Ya yi hatsari har sau bakwai, ya kwanta asibiti sau uku, abokanshi suka kulle shi a ɗaki don ya dawo hayyacinshi ya yi ƙaryar ciwo ya sulale ta taga, alƙali ya ɗaure shi shekara 20, a ciki shekara ɗaya ce kawai ta satar motar, uku na tuƙin ganganci, 15 na rashin kunya ga ɗan sanda, aka cika ɗaya don lissafi ya tafi daidai. Ɗiyar gandiroba ta tausaya mishi ta sa shi ya yi shigar mata, ya fita da kayan gwaggonta mai wanki. Wane yaro ne ba zai yi dariya ba? Duniya juyi-juyi, kwaɗo ya faɗa ruwan zafi.

Amma ni a ganina in ka ba yaro Kwaɗo kaɗai to ka cuce shi, ka ba shi abin da zai samu a kowane katun na cikin salula. Abin da babu a salula yana babi na 5. A can, shi wannan ɗan mai zama ƙarƙashin ƙasa ya daɗe da barin gidanshi yana zaune wurin ɓeran ruwa, rannan suna dawowa da dare cikin sanyi sai ƙanshin tsohon gidanshi ya bugi hancinshi, ya kira abokinshi ya tsaya, abokin yana gaba yana sauri bai ji da kyau ba ya ce ya taho, shi kuma ya bi shi don kar ya ɓata mishi rai, can da suka yi nisa sai ya zauna ya fashe da kuka. Ɓeran da ya gane abin da ya faru bai tsaya dogon ban haƙuri ba, juyawa ya yi ya ce mu koma mu nemo gidan. Suka same shi duk ƙura, ɗan ƙarami, ba abinci sai ɗan gwangwanin kifi da busasshen biskit da ɗan nama, mai gidan kunya ta kama shi, amma baƙon ya dinga yabon ɗakin yana hura wuta yana share wuri har kunyar ta wuce.

Yanzu ku gaya mini a Maraɗi wane yaro ne ba zai gane wannan ba. Yaron da aka kai riƙo wurin gwaggo a Tasawa ko Dakwaro, almajirin da aka kawo gari daga ƙauye, yarinyar da babanta ya tafi ci-rani. Ɗan shekara biyar ya san ƙanshin ɗakin kakarshi, hayaƙin kara da daddawa da man shanu da ya kama bango, ya san shi tun kafin ya san sunan unguwarsu. Kuma ya san kunyar a zo gidanku a ga ba ku da komi. Wanga babi ba ya buƙatar a sauƙaƙa ma'anarshi, kalmomin kawai za a rage. Abu guda da za a taɓa shi ne ƙarshen, inda ƴan ɓerayen gona ke zuwa ƙofa suna waƙar Kirsimeti a ba su abinci, a nan sai su zama yara masu tashe cikin azumi ko masu yawon barka da salla, aikin ɗaya ne, yara sun zo ƙofa da waƙa kuma mai gida ya fita kunyarsu da ɗan abin da ke akwai.

To tunda littafin yara ƙanana yawanci shafi 32 ne, kalma ba ta cika wuce 1,000 ba, ba yadda za a yi a cusa babi 12 ciki. Masu ƙoƙarin yin haka su ne ke fito da abu kamar rahoto, ya je ya dawo ya sata aka kama shi ya gudu, ba numfashi. Gara a raba shi ƙananan littattafai, kowane da labari guda cikakke da za a gama a zama ɗaya kafin barci ya kwashe yaro. Ɗaya na haɗuwar abokai a bakin ruwa, ɗaya na ɓacewa a daji, ɗaya na komawa gida, biyu na Kwaɗo. Ko Michel Plessix, Bafaranshen da ya zana shi da hotuna daga 1996, kashi huɗu ya yi mishi.

Sai maganar dabbobin, nan ne ake gardama. Wasu na cewa a bar su yadda suke yaro ya koyi cewa akwai wata duniya. Wannan daidai ne ga ɗan shekara 10. Ga ɗan shekara 4 kuwa in ka tsaya bayanin wace dabba ce wannan to labari ya mutu. Matsalar ita ce kowace dabba a wurinmu ta riga ta zo da halinta daga gatana. Ka ce kurege yaro ya san mai wayo ne, ba zai yarda kurege ne sakaran da bai taɓa ganin kogi ba. Ka ce gafiya ya san ɓarauniya ce. Jaɓa kuma ba wanda ke son ta. Ni da za a tambaye ni bushiya zan sa a madadin shi mai kunyar, tana zama rami, tana dunƙulewa in ta ji tsoro, yara sun san ta kuma ba su ƙin ta. Kuma ta warware wata matsala babba da littafin ke da ita, wato duk manyan dabbobin huɗu maza ne, matan da ke ciki da suka yi wani abin kirki duk mutane ne, ɗiyar gandiroba da mai wanki da wata mai jirgin ruwa, ko suna ba a ba su ba. Da Bushiya yarinya ma ta samu wadda za ta bi cikin labarin. Dattijon daji kuma dabgi ya fi dacewa da shi, mai haƙa rami mai zurfi, ba ya fita sai dare, kowa na jin labarinshi ba kowa ya taɓa ganinshi ba. Ɓeran ruwa a bar shi, mai zane dai ya yi mishi fuska zagayayya da ƙananan kunnuwa yadda ainihin dabbar take don kar ya yi kama da ɓeran rumbu. Kwaɗo kwaɗo ne ko'ina.

Akwai abu guda a alaƙar Kwaɗo da dattijon da bai kamata a rasa ba, dattijon abokin mahaifin Kwaɗo ne. A Ingila wannan ɗan bayani ne da ake wucewa, a nan kuwa shi ne ginshiƙin labarin. Abokin uba uba ne, yana da ikon ya shigo gidanka ba sallama mai tsawo ya zaunar da kai ya ce ɗana abin da kake yi da dukiyar marigayi bai dace ba. Garin da ya shahara da alhazai ƴan kasuwa ba sai an yi mishi bayanin yaron da ya ci gado ya ƙare shi a kan mota da babur ba. Kwaɗo ya kira shi Baba, shi ke nan yaro ya gane komi.

Wuri da yanayi su ma sai an zauna an yi tunani. Kogin littafin irin na Ingila ne, ruwa rani da damina. Gulbin Maraɗi kuwa sai damina yake kawo ruwa, sauran shekara yashi ne da lambuna a gefe, ɓera mai kwalekwale zai yi zaman banza wata da watanni. Tafkin Madarunfa ya fi, akwai ruwa akwai masunta akwai itatuwa kewaye. Sannan labarin ɓacewa a daji ya dogara kan ƙanƙara mai sauka kamar gari ta rufe hanya da ƙofar dattijo, har sai da ɗan mai kunyar ya yi tuntuɓe da ƙarfen goge takalmi ya ji ciwo a ƙafa, abokinshi ya gane ai inda akwai wannan akwai ƙofa kusa. Wannan dabara ce mai kyau ƙwarai don tana koya ma yaro bin alama. A mai da ita hazon hunturu da iska mai binne sawu da rairayi, Bushiya ta yi tuntuɓe da bakin turmi da ƙasa ta rufe, Ɓera ya ce ke, turmi ba ya zuwa daji da ƙafarshi.

Yanzu ga inda nake so a yi hattara sosai. A ƙarshen littafin, Kwaɗo na kaso sai mazauna daji suka fito da makamai suka mamaye gidanshi, abokan huɗu kuma suka ɗaura takubba da ƙananan bindigogi da kulake suka bi ta wata hanyar ƙarƙashin ƙasa suka ƙwato shi. Ga yaron Landan na 1908 wasa ne. Ga yaron da ke ƙauyukan Madarunfa ko Gidan Rumji, ko wanda iyayenshi suka gudo daga Zamfara da Sakkwato da Katsina, masu fitowa daga daji da bindiga su shiga gida da dare ba gatana ba ce, wasu sun gani da idonsu. Ba za ka ɗauki wannan ka karanta ma yaro kafin barci ba. Abin daɗin shi ne littafin da kanshi ya ba da mafita, domin kafin faɗan shi wannan mai kunyar ya sa kayan mai wanki ya je wurin mazauna dajin da ke gadin gidan ya tsorata su da cewa ɗaruruwan mayaƙa na nan tafe, har suka ruɗe tun kafin a zo. To a riƙe wannan wayon, a riƙe hanyar ƙarƙashin ƙasa don yara na son ta, a zubar da bindiga gaba ɗaya. Su huɗun su fito daga rami da ihu da ganga da gwangwani, mazauna dajin, wato su tunku da dila, su watse ta taga. Kuma a bar wurin da aka sa waɗanda aka kama suka share ɗakuna aka ba su abinci aka sallame su, yana cikin asali.

Haɗe da wannan akwai wani abu da masu nazari suka daɗe suna faɗa, cewa mazauna dajin a littafin kamar talakawa ne da masu hali ke tsoro, Ɓera ma ya ce ba a yarda da su. In an zo Hausa jarabar da ke akwai ita ce a ba su karin harshen wata ƙabila don a yi dariya, yadda ake yi a wasu wasannin kwaikwayo. Don Allah kar a yi. Wasan barkwanci tsakanin manya daban, abin da ka dasa ma ɗan shekara 5 cewa masu magana kaza su ne ɓarayin daji daban, balle a wanga lokaci da ake ciki. Su yi magana kamar kowa, laifinsu ya zama abin da suka aikata.

Babi na 7 shi ne wanda aka fi cirewa ko a can ƙasar Turawa. Ɗan karen ruwa ya ɓace, abokai biyu suka kwana nema cikin kwalekwale, da asuba suka same shi kwance wurin Pan, wani abin bautar tsoffin Girkawa mai ƙaho da kofato, suka sunkuya mishi. A gidan Musulmi wannan ba zai shiga ba, ba ma sai an yi dogon zance. Amma ban yarda a jefar da babin duka ba, don cigiyar yaro abu ne da kowa ya sani, ana sanarwa a lasifikar masallaci da gidan rediyo, maƙwabta su bazu da cocila. A bar uban yana zaune a mashigin da ya koya ma ɗanshi iyo yana jira, a bar abokai su ce ba za mu iya barci ba, a same shi da asuba yana barci lafiya cikin ciyawa, a ce alhamdu lillahi. Babi na 9 kuma, inda wani ɓeran teku ya zo da labarin garuruwa masu nisa har ya kusa janye Ɓera ya bar gida, sai da abokinshi ya riƙe shi da ƙarfi, wannan na matasa ne masu mafarkin Agadas da Libiya, a ajiye musu shi. Giya da taba da naman alade da ke cikin kwandon abinci kuwa ba abin tsayawa ba ne, fura da ƙuli-ƙuli da kilishi da dabino sun isa.

Sai tuban Kwaɗo. Masu gyara littafin yara na da son su sa shi ya yi nadama da hawaye a shafin ƙarshe a rufe da wa'azi. A asali ya yi alkawarin shiryuwa ba sau ɗaya ba yana karyawa, kuma ko a ƙarshe sai da ya kulle kanshi a ɗaki ya rera waƙar yabon kanshi ga kujeru kafin ya fito ya yi ladabi gaban baƙi. Wannan ya fi gaskiya kuma yara sun fi yarda da shi don su ma haka suke. Abin da ya wajaba a bari shi ne biyan haƙƙi, ya aika ma ɗiyar gandiroba kyautar sarƙa, ya saka ma direban jirgin ƙasan da ya taimake shi, kuma dattijo ya matsa mishi sai da ya biya matar da ya sace ma doki kuɗin dokinta. Yaro ya ga an biya, ba sai an ce mishi sata ba kyau ba.

Hoto ma na da tashi rigimar. Bugun farko na 1908 hoto guda ne kawai a gaba, sanannun zanen E. H. Shepard sai 1931 suka zo. A rubuce ba wanda ke tambayar girman Kwaɗo, yana tuƙa motar mutane yana hawan doki yana sa rigar mace, kamar yadda ba mu taɓa tambayar yadda Gizo ke noma gona ko ya auri ɗiyar sarki ba. Amma mai zane dole ya yanke hukunci, kuma yara na lura, in Kwaɗo ya kai tsawon mutum a shafi na 6 ya koma ɗan mitsitsi a na 12 za su tsayar da kai. Hanya mafi sauƙi a littafin ƙanana ita ce a fitar da mutane gaba ɗaya, alƙali da gandiroba da ɗiyarshi duk su zama dabbobi. Kuma a sani, Grahame ya rasu a 1932 don haka rubutun ya zama na kowa, amma Shepard sai 1976 ya rasu, zanenshi da na Disney akwai haƙƙi a kansu, ba a kwaso su daga intanet a manna. A nemi mai zane na gida ya zana gawo da giginya da katangar laka, a kuma rubuta a bango cewa an ɗauko labarin daga littafin Kenneth Grahame.

Harshen kuma na baki za a bi. Grahame na da dogayen jimloli masu kwatanta iska da ruwa, su ne daɗin littafin ga babba, ga yaro kuwa sai an mai da su amo da maimaici, ruwa na cewa ɓul-ɓul, Kwaɗo na zaune tsakiyar hanya bayan mota ta watsar da amalankensu yana ta faɗin pit-pit, pit-pit, ido a kafe, yara su amsa tare da shi. A buɗe da gatanan gatananku su ce ta zo mu ji ta. Kafin a kai wurin buga takarda a shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan isha'i a karanta ma yara biyar ko shida da babbar murya, duk inda suka fara tsokanar juna ko wani ya tashi shan ruwa a sa alama da biro, wurin nan ne ya yi tsawo. Kuma tunda iyaye mata da yawa ba su karanta boko, ya kamata kowane littafi ya zo da muryar da aka naɗa ta minti shida ko bakwai wadda za a iya turawa ta WhatsApp, uwa ta kunna yaro na juya shafi, a sa ƙarar tafi ɗaya a duk inda za a juya.